Ƙaramin Hannu da Bindigar Hannu: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Kaki da 'Yan Wasan Harbi a Legas

Galibin tambayoyin nan daga bakin 'yan'uwanmu Hausawa masu aikin ɗamara a Legas suke fitowa: 'yan sanda, sojoji, jami'an kwastam da ke Apapa da Tin Can da Seme, na shige da fice, da 'yan sibil difens. Yawancin masu tambayar mata ne, amma akwai maza masu gajerun yatsu da yawa, sai dai su kunya kan hana su furtawa. Kukan ɗaya ne: an miƙa wa mutum bindiga, yatsa bai kai kunama yadda ya kamata, a filin harbi harsashi na kaucewa, kuma ana ta ce masa ya ƙara ƙoƙari alhali ba ƙoƙari ne ya gaza ba.

Ni farar hula ne, ina kasuwanci a Mile 12. Zan iya sayen bindigar hannu don tsaron kaina?

A'a, kuma gara a fara da wannan. Dokar Makamai ta Najeriya, wadda ta samo asali tun 1959, ta raba bindigogi gida uku. Fistol da libarba suna rukunin farko, na haramtattun makamai, waɗanda ba mai riƙe su sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Rukuni na biyu ya ƙunshi bindigar farauta da bindigogin iska, lasisinsu na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku shi ne irin bindigar toka, wadda Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininta. Wanda aka kama da bindiga ta rukunin farko ba lasisi, hukuncin da dokar ta tanada bai gaza ɗaurin shekara 10 ba. A 2023 ma Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da cewa rundunar ta dakatar da ba da lasisin bindiga.

Kamfanonin gadi masu zaman kansu su ma dokarsu ta 1986 ta hana ma'aikatansu ɗaukar bindiga. Saboda haka duk wanda ya zo maka a Agege ko Alaba Rago da zancen yana da hanya, gidan yari yake nuna maka, Alhaji. Sauran amsoshin nan na waɗanda aikin gwamnati ya ɗora wa makami ne, da masu wasan harbi a ƙarƙashin ƙungiyar da hukuma ta sani. Idan sha'awar harbin ce ke damunka, duba amsar da ke kan wasan harbi can ƙasa.

Me ake nufi da ƙaramin hannu? Ni tafina yana da faɗi, amma yatsuna gajeru ne.

Kana cikin waɗanda ake magana a kansu. Abin da ake aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin kwarin hannu, wato tsakanin babban yatsa da manuni, zuwa tsokar kan manuni. Ita kuma bindiga tana da tata tazarar, daga bayan ƙota zuwa fuskar kunama. Idan ta bindigar ta fi taka, ta yi maka girma, ko da tafinka ya kai na maƙeri. Akwai mata masu siririn hannu da dogayen yatsu da ba su da wannan matsala sam, akwai ƙarti majiya ƙarfi da ke fama da ita.

Ta yaya zan gwada in san ko bindiga ta dace da hannuna?

A gaban mai kula da amori, wato ma'ajiyar makamai, ko malamin harbi za ki yi, ba ke kaɗai a ɗaki ba. A cire magazin, wato gidan harsasai, a ja silaid, wato ƙarfen saman bindiga mai zamewa, baya, a leƙa cikin mazaunin harsashi da ido, a taɓa da yatsa, a tabbata babu komai. Bakin bindigar ya kalli inda aka ware, ba mutum ba, ba bangon da mutane ke bayansa ba.

Sai ki sa bayan ƙotar a tsakiyar kwarin hannunki, can sama har ya tokare, yadda bututun zai yi layi ɗaya da ƙashin damtsenki. Kada ki motsa wannan riƙon. Yanzu miƙa manuni. Idan ta dace, tsokar kan yatsan za ta kwanta sosai a fuskar kunama, kuma za ki ga 'yar kafa tsakanin sauran yatsan da jikin bindigar, har haske na wucewa. Ki ja kunamar a hankali kina kallon saitin gaba. In ya tsaya cak har ta saki, madalla. In kuwa bakin farce ne kawai ya taɓo gefen kunamar, ko yatsan ya manne da jikin bindigar yana tura ta gefe, tazarar ta fi ƙarfinki.

Alamar da ta fi kowace bayyana ita ce murɗa hannu. Mutum kan zagaya da tafinsa wajen kunama don yatsa ya kai, sai bayan ƙotar ya koma kan gaɓar babban yatsa. Daga nan shurin bindiga a kan ƙashi yake sauka maimakon ya bi damtse, gindin babban yatsa ya yi ja ya kumbura bayan atisaye, bindigar kuma ta riƙa juyawa a hannu bayan kowane harbi. Mai harbi da dama da yatsansa bai kai ba, galibi za a ga harsasansa sun taru a hagun takarda.

Ashe ba sai kawai a ba ni 'yar ƙaramar bindiga irin ta aljihu ba?

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma da kyakkyawar niyya ake yin sa. Oga ya ga mace ƙarama, sai ya ce a nemo mata mafi ƙanƙanta. Alhali ƙaramar bindiga ta fi babba wuyar harbi. Harsashin 9mm ƙarfinsa kusan ɗaya ne ko daga ina ya fito, nauyin bindigar ne ke shanye wani kaso na shurin. Glock 19 da magazin ba harsashi ta kai gram 670, Glock 43 kuwa wajen gram 510 ce, don haka ta biyun ta fi tsalle a hannu. Ƙotarta gajera ce, ƙaramin yatsa kan rasa wurin zama. Tazarar saitin baya da na gaba ta ragu, kuskure kaɗan a saiti sai ya zama babba a takarda. Sifirin ɗinta kuma ya fi tauri, silaid ya fi wuyar ja, ga shi babu wurin kamawa sosai.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Glock 17 da Glock 19 da Glock 26 tsawo ne kawai ya bambanta su. Kaurin ƙota da tazarar kunama kusan ɗaya ne a dukkansu. Wanda yatsansa bai kai a 17 ba, sauka zuwa 26 ba zai ƙara masa komai ba sai shuri. Abin nema shi ne siririyar ƙota da kunama ta kusa, a jikin bindiga mai matsakaicin tsawo da nauyi. Manomi ba ya rage ƙarfen fartanya don hannunsa ƙarami ne, ƙotar yake sassaƙewa.

Me ke sa ƙotar wata bindiga ta fi ta wata kauri?

Magazin ne, tunda a cikin ƙota yake zama. Wani magazin harsasai layi ɗaya suke jeruwa a cikinsa, wani layi biyu a karkace. Mai layi biyu ya fi ɗaukar harsashi, ya kuma fi faɗi. Tsawon harsashin ma yana da tasiri: .45 ya fi 9mm tsawo da kauri, saboda haka ƙotarsa ta fi zurfi daga gaba zuwa baya. Sannan akwai kayan da aka yi jikin da shi. Bindiga mai jikin ƙarfe ana ɗaura mata marfin ƙota dama da hagu, wanda ke ƙara kauri, mai jikin roba mai tauri kuwa ƙotar da jikin a haɗe suke. Bambancin duka bai wuce 'yan milimita ba, Glock 19 tana da faɗin kusan milimita 32, Glock 48 kuma 28, amma a hannun mai gajerun yatsu milimita huɗu ba wasa ba ne.

Me ya sa harbin farko ke ba ni wuya, na biyu kuma ya zo da sauƙi?

Bindigarki irin mai guduma a baya ce da ke da ja iri biyu, kamar Beretta 92 ko SIG P226; guduma ita ce ƙarfen da ke bugawa harsashi ya tashi. A harbin farko kunama ce ke ɗaga gudumar sannan ta sake ta, don haka tana can gaba, jan yana da tsawo, nauyinsa kuma ya kai kilo 5. Bayan harsashi ya fita, silaid ya riga ya ɗana gudumar, kunamar ta dawo kusa, nauyin ya ragu zuwa kilo 2 da wani abu. Mai ƙaramin hannu kan ji daɗin ja na biyu, ya sha wuya a na farko, kuma na farkon shi ne wanda rai ya rataya a kansa ranar da abu ya faru. Don haka idan za ki yi gwajin da aka bayyana a sama, ki yi shi da guduma a kwance.

Irin su Glock da SIG P320 da Smith & Wesson M&P ba su da guduma a waje, jansu iri ɗaya ne daga farko har ƙarshe, wajen kilo 2 da rabi. Shi ya sa suka fi yi wa gajerun yatsu sauƙi. Amma sauƙin yana da nasa haƙƙin: yatsa ba ya shiga gidan kunama sai an yi saiti an yanke shawarar harbi, kuma kuben dole ya zama mai tauri da ya rufe kunamar ruf. Kada wani ya ba ki shawarar yawo da Beretta guduma a ɗane don kunama ta matso kusa. Ba a ƙera ta don haka ba.

Waɗanne samfura ne aka san sun fi dacewa da ƙaramin hannu?

Ƙorafin ba na yau ba ne, kuma kamfanoni sun ji shi. Sojojin Amurka sun riƙe Beretta M9 tun 1985, kaurin ƙotarta na cikin abubuwan da aka daɗe ana kuka da su. A 2017 suka koma SIG P320, wadda suka sa wa suna M17 da M18, kuma ana iya cire jikinta na ƙasa gaba ɗaya a sa ƙarami ko matsakaici ko babba. Glock daga zubi na huɗu a 2010 ta rage ƙota ta kuma zo da faifan baya da ake ƙarawa a bayan ƙota, sannan a zubi na biyar a 2017 ta cire tudun yatsun da ke gaban ƙota, waɗanda dama ba sa faɗawa daidai ga mai ƙananan yatsu. Heckler & Koch VP9 ta 2014 ana sauya mata baya da gefe biyu. Walther ta fitar da PDP F-Series a 2022 musamman don hannun mata, da kunama ta kusa da silaid mai sauƙin ja.

A cikin sirara, Glock 48 ta 2019 tana ɗaukar harsashi 10 kuma tsawonta ya yi kusa da na Glock 19, wannan haɗi ne mai kyau. SIG P365 ta 2018 ma 10 take ɗauka, sai dai ƙarama ce ƙwarai, don haka a tuna da abin da aka faɗa kan bindigar aljihu. A ganina tsohuwar Browning Hi-Power ta 1935 ta cancanci a ambace ta da girmamawa: harsashi 13 a layi biyu, amma ƙotarta na zama a hannu fiye da na sababbi da yawa. Illarta ita ce gudumar kan ciji fatar kwarin hannu, kuma tana buƙatar horo na musamman kan sefti, wato maɓallin da ke hana ta tashi.

Ni ba zaɓa nake yi ba, abin da aka ba ni a amori shi nake sa hannu in karɓa. To ina amfanin sanin wannan?

Amfaninsa shi ne ka san abin da za ka roƙa. Je wurin mai kula da amori lokacin da ba layi, ka gaishe shi, ka ce, "Oga, don Allah duba riƙona, yatsana ba ya kaiwa." Ka nuna masa a hannu maimakon dogon bayani. Mafi yawansu sun fi son wanda ya faɗa da wanda ya ɓoye, domin su ne ake tambaya idan an yi harbin kuskure. Ka tambaya ko akwai wani samfuri a ma'ajiyar. Idan Glock ce ta zubi na huɗu ko na biyar, a duba ko an maƙala mata faifan baya, a cire shi, domin jikinta tsura shi ne mafi ƙanƙanta. Idan mai jikin ƙarfe ce, a duba ko wani ya sa mata marfin roba mai kauri ko ya naɗe ta da robar taya, abin da ake yawan gani, a mayar mata da siririn marfi.

Abin da ba za ka yi ba shi ne kai bindigar gwamnati wurin makaniki ko maƙeri a goge ƙota ko a taɓa sifirin. Laifi ne a aiki, kuma kunamar da aka yi wa aikin gefen titi tana iya tashi da kanta. In duk an duba babu mafita, malamin harbi zai iya koya maka ɗan karkata riƙo kaɗan tare da ƙara matsi da hannun taimako, ya zama shi ke ɗauke da yawancin aikin riƙewa. Wannan dabara ce ta dole, tana buƙatar atisaye mai yawa, kuma ya kamata a rubuta a san da matsalar don ranar da aka kawo sababbin kaya.

Ba na iya jan silaid. Ƙarfi ne ba ni da shi?

Da wuya ƙarfi ne, yawanci yadda ake kamawa ne. Masu koyo kan tsunkuli bayan silaid da yatsu biyu, hannu a miƙe nesa da jiki, nan kuwa ba ƙarfi. Ki jawo bindigar kusa da ƙirji, bakinta na kallon filin harbi, yatsa a miƙe a wajen gidan kunama. Ki ɗora hannun taimako ta sama, gindin tafi a gefe ɗaya, yatsu huɗu a ɗaya gefen, a bayan tagar da kwanso ke fita, ba a kanta ba. Ki riƙe silaid ɗin gam, sannan ki tura ƙotar gaba da hannun harbi da ƙarfin kafaɗa, lokaci ɗaya. Da ya kai ƙarshe ki sake shi ya koma da kansa, kada ki raka shi. A kula, wajen wannan juyi ne bakin bindiga kan karkata ya kalli na kusa da ke ko gwiwar hannunki, don haka ki juya jikinki duka, ba bindigar ba.

Akwai samfuran da aka yi wa silaid mai laushi da gangan, kamar Smith & Wesson Shield EZ ta 2018.

Bindigar tana yawan cijewa a hannuna, amma a hannun abokin aikina lafiya lau. Me ke faruwa?

Silaid yana buƙatar jikin bindigar ya tsaya daram kafin ya kai ƙarshen tafiyarsa ya tofar da kwanso. Idan wuyan hannu ya yi laushi, ko riƙon ya murɗe kamar yadda aka bayyana a amsar gwaji, bindigar duka ce ke ja da baya, sai kwanso ya maƙale a taga. Riƙe can sama, kulle wuyan hannu, ka cike gurbin da ya rage a gefen ƙota da gindin tafin hannun taimako. In ya ci gaba, a gwada wani magazin, sannan a duba mai da datti.

Wane harsashi ne ya fi sauƙi?

Ga mai aiki, 9mm ne, kuma shi ne yawanci za a ba ka. Ya fi .40 da .45 laushin shuri, ƙotarsa ta fi siranta. Hukumar FBI ta Amurka ma da ta yi shekaru a kan .40 ta dawo 9mm, kuma sauƙin harbi daidai na cikin dalilanta. Kada lamba ta ruɗe ka game da .380: harsashin ya fi rauni, amma tsofaffin bindigoginsa irin Walther PPK sifirin ɗinsu mai tauri ne, shurinsu kuma mai zafi. Don koyon saiti da jan kunama babu kamar .22, idan wurin horonku yana da ita.

Libarba mai juyawa fa? An ce ita ta fi dacewa da mata.

Rabin gaskiya ne. Ba ta da silaid, kuma tunda babu magazin a ƙota ana iya sa mata siririn mariƙi. Amma kunamarta doguwa ce, nauyinta ya kai kilo 5 ko fiye a kowane harbi, ƙananan cikinsu masu harsashi 5 kuma shurinsu ya fi na yawancin fistol ciwo. Wadda ta kasa ja na farko a Beretta ba za ta ji daɗin libarba ba.

Babban yatsana ba ya kai maɓallin sakin magazin.

Wannan ƙaramar matsala ce in aka gwada da ta kunama. Ana iya sassauta riƙo a juya bindigar kaɗan a danna a dawo, ko a danna da babban yatsan hannun taimako. A samfura da yawa ana juya maɓallin ya koma ɗaya gefen, abin da ke taimakon bahagwai ma. Sefti ne ba a sassauci a kansa: idan bindigar tana da shi kuma ba ka iya kashe shi ba tare da sakin riƙo ba, ka sanar da malaminka.

Gumi da damshin Legas suna sa bindiga na zame mini. Safar hannu za ta taimaka?

Safar hannu tana ƙara kauri tsakanin tafi da ƙota, ta kuma rage jin kunama, don haka ga mai gajerun yatsu ƙari ce a kan matsala. Wanda ya tsaya aiki da rana a Apapa ko Oshodi ya san yadda tafi ke jiƙewa kafin azahar. Ƙyallen goge hannu a aljihu ya fi safa amfani. Akwai siririn tef mai kaushi da ake liƙa wa ƙota wanda kusan ba ya ƙara kauri, amma da izinin amori. Iskar teku da gumi duk gishiri ne, suna kawo tsatsa da wuri, musamman daga Afrilu zuwa Oktoba. A goge ƙarfen da ɗan mai bayan kowane aiki, sai dai kada man ya taɓa ƙota, kuma kada a shafa man hannu dab da shiga filin harbi.

'Yan'uwa mata, dogon farce da zobe mai tudu suna hana yatsu naɗe ƙota, lalle kuwa ba ruwansa. Kwanson da ke fita da zafi yake, in ya faɗa wuyan riga ko ninkin mayafi mutum kan zabura da bindiga a hannu, don haka a rufe wuya a tusa gefen hijabi ciki. Mai juna biyu ta nemi a ɗaga mata atisayen harbi, saboda ƙara da kuma gubar dalma da ke tashi a hayaƙi. Kowa kuma ya toshe kunne ya sa gilashi, ya wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

Ina son wasan harbi kawai. Ƙaramin hannu zai hana ni?

Ko kaɗan. A nan ne ma aka fi kula da hannu. Gasar mita 10 ta Olamfik da fistol ɗin iska ake yin ta, mai ƙwayar milimita 4.5, shurinta kusan babu, kuma ƙa'idar gasa ta ce nauyin kunama kada ya gaza gram 500. Ƙotocinsu na katako ne da aka sassaƙa bisa siffar tafi, suna zuwa girma-girma tun daga na yara, ana matsar da kunamar gaba ko baya da sukurudireba. Sai dai ka tuna da amsar farko: fistol ɗin iska ma tana cikin jerin masu buƙatar lasisi, don haka ta hannun Hukumar Wasan Harbi ta Najeriya ko hukumar wasanni ta jihar Legas za ka bi, ba ta odar intanet ba.

Idan aiki ya sa na kwana da ita a gida, yaya zan yi da yara?

In da hali, a mayar da ita amori a sa hannu kafin a tafi gida. In babu, ka sani duk abin da ya sa bindiga ta yi wa ƙaramin hannunka daɗi, siririyar ƙota da kunama mai laushi da silaid mai sauƙi, shi ne zai sa ta yi wa yaro sauƙi. Yaro ƙarami yana iya danna kunama da manyan yatsunsa biyu, kuma in ya yi haka bakin bindigar fuskarsa yake kallo. A ɗakin bariki ko gidan haya da 'ya'yan maƙwabta ke shiga da fita, ƙarƙashin katifa da saman wadirof da jakar hannu duk wuraren da yara suka sani ne. A cire magazin, a duba mazaunin harsashi, a kulle bindigar a akwatin ƙarfe, harsasai a wani wurin daban shi ma a kulle, makullan kuma su kwana a jikinka.